Ba Tsufa Ne Ya Kashe Alhaja Simbiyat Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, ma'aikata suka shigo ɗakinmu suka naɗe katifarki suka fita da ita. Ta haka na san kin rasu a asibiti. Babu wanda ya ga na isa a zauna a faɗa mini.

Alhaja Simbiyat Abeni, shekara uku gadona na kallon naki a wannan gidan kula da tsofaffi na Ibadan. Ranar da 'ya'yana suka kawo ni, na juya fuska ga bango na ƙi abinci. Kika jawo kujera, kika gutsuro amala kika dangwalo miyar lalo, kika ce, "Ƙanwata, buɗe baki. Na tsufa ina sayar da abinci a tashar mota, ko kwandasta mafi taurin kai bai taɓa mayar mini da kwano ba. Ke ce za ki fara?" Na ci, ina kuka ina dariya.

Kullum bayan wanka kikan bi ɗakuna da gwangwanin man kaɗanya, kina shafa wa waɗanda hannunsu ya daina kaiwa ga ƙafa. Kin sha gaya wa ma'aikata cewa fatarmu ta yi laushi, a tallabe mu ta baya, kada a ja mu ta hannu. Dariya suke yi su wuce.

A gabana abin ya faru. Yetunde, yarinyar da aka bar wa hawan bene guda ita kaɗai, ta zo da sauri za ta kai ki wanka, ta finciko ki ta wuyan hannu. Fatar ta saluɓe har kusa da gwiwar hannu, kamar ɓawon dafaffen tumatir. Abin da kika ce kawai shi ne, "A hankali, 'yata." Suka manna filasta a kan ɗanyen nama. Washegari suka fizge ta, ta tafi da sauran fatar.

Na je wurin shugabar gidan na roƙe ta ta kira likita. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mama, fatar tsofaffi ai haka take."

Ciwon ya kumbura, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ki. Ranar Lahadi da ɗanki Rasaki zai zo, suka sa miki riga mai dogon hannu, suka fesa turare. Na ce, "Rasaki, ɗaga hannun rigar uwarka." Shugabar ta yi murmushi ta ce masa tsufa ya fara taɓa mini kai. Ya dube ni, ya dube ta, sannan ya ɗaga. Da kansa ya sungume ki zuwa mota, amma likitoci suka ce ciwon ya riga ya shiga jini.

Yanzu na ga an rubuta a sanarwar rasuwa wai kin rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ƙarya ne. Sakaci ne ya kashe ki, da rowar ɗaukar ma'aikata, da ɓoye-ɓoye. Ke kin yafe wa Yetunde a gabana tana kuka, kin ce aiki ne ya fi ƙarfinta. Wannan halinki ne. Ni ban yafe wa masu gidan nan ba, kuma zan tsaya shaida a duk inda Rasaki ya kira ni, ko da a keken guragu za a tura ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rasaki, da ƙanwarsa Mulikat, da jikoki baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin da ni har yanzu ban samu ba.

Allah ya jiƙanki, Yayata. Ya sa azabar da kika sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Mu da muka rage a nan, Allah ya haɗa mu da hannaye masu tausayi. Amin.

Ƙanwarki,
Raliyat Asabi