Wasiƙun da Delbert Ya Aika wa Ɗansa

Abokina Delbert ya tuƙa bas a Toledo har ƙafafunsa suka mutu. Daga nan duniyarsa ta zama ɗaki guda a saman bene, da taga mai kallon titi. Ba mai rubuto masa sai kamfanonin talla, kowanne da ambulan ɗin amsa da aka riga aka biya kuɗin aikawa.

Da su yake rubuta wa Wendell, ɗansa da ya yi fushi ya koma Tucson. Sai ya liƙa takarda a kan adireshin kamfanin, ya rubuta na yaron, ya ba mai kawo masa abinci ta jefa a akwatin gidan waya.

Na ce, "Kai tsoho, wannan fa sata ce. Ga kan sarki na kawo maka."

Ya ce, "Riƙe kayanka, mai wa'azi. Su suka cika mini ɗaki da shara, su biya mana!"

Kullum yana bakin taga yana jiran amsa. Wani lokaci ya ce, "Zuciyar uwarsa gare shi, zai huce."

Ranar jana'izar Delbert na tare Wendell da maganar wasiƙun. Ya rantse ko ɗaya bai gani ba. A gidan waya aka gaya mana cewa injin da ke rarraba wasiƙu ba ya duba rubutun hannu idan akwai wasu 'yan layuka masu nuna adireshin kamfani da aka buga a ƙasan ambulan. Wataƙila duk wasiƙun wurin kamfanonin suka koma.

Wendell ya roƙe ni in faɗa masa abin da ke ciki. Wallahi ban sani ba. Delbert bai taɓa karanta mini ba.