Ziyarar Prisca gidan Mama Liang

Prisca 'yar Kafanchan ce, nas a birnin Greensboro, can ƙasar waje. Aikinta shi ne zuwa gidajen masu ciwon ƙwaƙwalwa ta ga abin da suke buƙata, magani ne ko abinci ko mai zama da su.

Wata ranar Talata aka tura ta ƙauyen McLeansville wurin Mama Liang, tsohuwa 'yar China mai ciwon da ke sa mutum jin muryoyi. Gidan yana tsakiyar gonaki, babu maƙwabci kusa. Tsohuwar ba ta jin Turanci, 'yarta Mei ce ke fassara.

"Mama, me ya fi damun ki?" in ji Prisca.

Tsohuwar ta kalli bayan kafaɗar Prisca ta yi magana. Mei ta ce, "Wai matar da kika zo da ita ta gaji, a ba ta kujera."

Prisca ta waiwaya, babu kowa. Sai tsohuwar ta fara rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, wadda marigayiya mahaifiyar Prisca ke yi in tana wanki. Prisca ta daure ta gama tambayoyinta.

Prisca ta nemo wa tsohuwar likita mai jin yarenta, aka canza magani, muryoyin suka ragu. Da ta koma bayan 'yan watanni, Mama Liang ta riƙe hannunta ta yi magana a hankali. Mei ta ce, "Wai kada ki damu, matar nan da kika zo da ita ta tafi cikin kwanciyar hankali."