Baƙaƙen Hotunan Baba

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi a ɗakin hoton ƙashi na asibiti, yana ce wa mutane kada su motsa, su riƙe numfashi. Da ya yi ritaya mun ɗauka zai huta, ashe sama zai koma ɗauka. Ya sayo madubin hangen nesa na hannu, wani farin bututu mai kaurin cinya, ya ɗaura masa kyamara a gindi, ya kafa shi a barandar gidanmu da ke hawa na biyu. Mama ta sa masa suna igwa. Saboda igwar nan aka kori igiyar shanya da kujerar Mama, kuma idan Baba ya danna kyamara, wanda duk ya taka baranda sai ya ji, "Kada ka motsa." Har mage an taɓa gaya wa.

Barandar gabas take kallo, kuma da rufi a samanta, don haka rabon Baba a sararin sama bai fi faɗin tabarma ba. Ta nan Kaza da 'Ya'yanta ke wucewa, curin taurarin nan da kowa ya sani. Baba ya ce akwai wata shuɗiyar ƙura da ta lulluɓe su, ido ba ya ganinta, ita yake so ya kama. Ana cikin haka aka fara ginin bene a filin da ke tsallaken titi. Kowane hawa aka ɗora sai ya cinye masa wani yanki. Ya auna da ɗan yatsa ya ce idan suka zuba na huɗu, shi da Kaza sai labari.

Ni ce 'yarsa ta fari, mai sunan mahaifiyarsa, kuma ni ce mai karambanin gidan, ban musa ba. Wata Lahadi na zo daga gidana gaishe su, na tarar kwamfutarsa tana kukan ta cika. Na buɗe, sai ga hotuna sun fi ɗari tara, duk baƙi ƙirin, in ban da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gishiri. Na ce Allah sarki, tsufa, ko gogewa ya kasa. Na share su tas, na zazzage kwandon sharar, na je na same shi yana shan shayi na ba shi labari ina jiran yabo.

Ya ajiye kofin. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Uwata," ya ce, "ai su ne aikin. Kowane ɗaya minti biyu ne na haske. Sai an jera su bisa juna sannan ƙurar take fitowa. Dare ashirin da shida ke nan."

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai kawai ya ce sannu da ƙoƙari, ya ci gaba da shan shayinsa da ya huce. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar ba uwar yara uku ba.

Washegari na tsallaka titi na nemi shugaban magina. Ya ce Asabar za su kafa katakon hawa na huɗu, ko ubansa ne ya roƙa ba zai ɗaga ba. Sauran dare biyar. Na koma kan maigadin wurin, wani dattijo mai fama da tari, na roƙe shi ya riƙa kashe babbar fitilarsu daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya.

"Hajiya, taurari kika ce?"

"Taurari, Baba maigadi."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce to, ya dai ga masu neman abin da ya fi wannan shirme.

Dare biyu hadari ya rufe. Sauran ukun na kwana a gida, ina zaune a ƙasan baranda ina rubuta lambar kowane hoto, ƙafata ta yi tsami ban isa in miƙe ta ba. Daren Juma'a Baba ya jera abin da muka samu, hoto ɗari da arba'in. Hoton ya fito da yashi-yashi, ga kan rodi biyu sun leƙo a kusurwa. Amma a gefen tauraro ɗaya akwai wani shuɗi siriri.

"Kin gan shi, ko tausayina kike ji?"

"Na gan shi, Baba. Wallahi na gan shi."

Da safe muna ji ana buga ƙusa. Kafin la'asar katako ya toshe wurin. Baba ya kwance igwarsa shi kaɗai, na miƙa hannu ya ce in bari. Ya naɗe bututun da tsohon bargo, ya ɗaure, ya tsaya yana kallon ginin har na fara neman hanyar sulalewa.

"Uwata, barandarki ina take kallo?"

"Gabas, Baba."

"Hawa na nawa ma kuke?"

"Na biyar."

"To ki gaya wa mijinki ya kwashe tarkacensa. Kuma ke za ki riƙe kwamfutar, tunda yanzu kin san baƙi."