Yaya Abdulai da Agwagwar Sharja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, ina cikin motar da ke mayar da mu masauki daga wurin aiki a Sharja, saƙon Sahadatu ya shigo: mahaifinta, Yaya Abdulai tela na unguwar Maamobi can gida, ya rasu bayan azahar. An kai shi makwancinsa ba ni.

Yaya, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ɗinkinka bai taɓa fitowa ranar da ka ce ba. Rigar Ƙaramar Sallah sai a Babba ake sawa. Dalili kuwa kurket, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda. A unguwar da jariri ma ƙwallon ƙafa yake mafarki, kai kaɗai ka kwaso wannan cuta daga kantin Ba'indiyen nan na Zongo Lane inda ka koyi yankan kwat. Gajeren wasan, T20, shi ne naka. Ƙafa na kan keke, baki na zuba: wane ya hau na ɗaya a duniya wajen bugu, wane ya zame zuwa na huɗu, wane mai jifa ya kafa tarihi. Mu kuma mu ce, "Chale, ɗan'uwa, wa ya tambaye ka?"

Da na zo ƙasar nan aka sa ni ɗakin 'yan Pakistan. Wata da watanni ba mai ce min sannu. Waɗanda na yi wa hidima a unguwarmu Nima suka daina ɗaukar wayata, Allah ya ba su lafiya. Na gaya maka zan tattara in dawo, ko da hannu rabbana. Sai ka ce, "Issah, shiga ɗaki ka ce gwaninsu na ɗaya bai cancanci wurin ba, na uku ya fi shi. Ka zauna ka ga ikon Allah."

Na faɗa, ɗaki ya kaure. Nadim, babban ɗakin, wanda bai taɓa duban inda nake ba, ya jawo ni gaban tiren shinkafa don ya nuna min ɓatana. Tun daga ranar ban ƙara cin abinci ni kaɗai ba. Duk makon da sabon jerin gwanaye ya fito sai ka turo murya, in hau kai. Da suka gane akwai malami a bayana suka karɓe wayar, kuna musu, Turancinka na Nima da nasu, ba mai jin wani sosai, ba mai sarewa.

Juma'ar da suka fara ba ni sandar kurket a filin ajiye motoci, jifan farko aka fitar da ni. Wanda ya fita babu ko maki ɗaya, agwagwa ake cewa ya samu. Ka bi Maamobi kana shela wai Issah ya samu agwagwa a Sharja. Matarka, Anti Fatimata, ta kira ni da barka, ta ce kada in yi gaggawar yankawa, in bari ta yi ƙwai tukuna. Ina jiyo ka a bayanta, dariya ta hana ka magana.

Da na gaya wa 'yan ɗaki rasuwarka, sai Nadim ya ce, "Malaminka bai taɓa yi wa gwaninmu adalci ba. Tashi mu yi alwala." Suka ƙwanƙwasa ɗakunan maƙwabta, muka yi sahu a baranda, aka yi maka sallar ga'ib. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarka sai ni. Ni suka tura gaba in ja sallar.

Na gaji, Yaya, aikin nan ba ya sauƙi. Amma ina nan, kuma ina da mutane.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Anti Fatimata, Sahadatu, da dukan dangi na Maamobi da Kokomlemle, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Issah, Sharja