Ɗan Fari a Rugar Bayan Rafi

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, a daminar da na fara tuƙa motar asibitin tafi-da-gidanka. Kafin nan lodi nake yi a tashar Laranto. Ban yi boko ba. Aikina in kai ma'aikata, in dawo da su lafiya.

Duk Talata mukan bar Jos da akwatin allura da magani, mu je inda babu ko ɗakin shan magani. Shugabar tafiya Sista Kaneng ce, 'yar Birom, Kirista. Lokacin gari bai gama hucewa daga rikici ba, ma'aikata da yawa sun ƙi zuwa rugage. Ita ba ta taɓa ƙi ba.

Ran nan wata ruga muka je, bayan rafi. Aka yi wa yara allura, aka duba tsofaffi. Sista ta tambayi Arɗo ko da sauran mara lafiya, ya ce babu. Hadari ya haɗo. Na ta da mota, na ce mata in rafin nan ya kawo, nan za mu kwana.

Ta ce, "Malam Sale, bakinka ya fi injinka zafi. Kashe motar."

Sista ta lura da wata matashiya, tsaye a gefe tun zuwanmu, ba ta karɓi komai ba, ba ta kuma tafi ba. Sista ta tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Sai Sista ta tambayi wata tsohuwa ko yarinyar nan tana da ɗa. Ashe tana da shi, ɗan fari, ba shi da lafiya. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai. Kakar da ke riƙonsa ta tafi tallan nono, sauran kuma sun ce fitar haƙori ne kawai. Muka same shi a bukka, gudawa da amai sun cinye shi, ko kuka ba ya iyawa.

Nan take Sista ta sa masa ƙarin ruwa, ta riƙe ledar da hannunta. Muka sa shi da uwar a mota, muka haye rafi ruwa na dukan ƙofa. Har muka iso asibiti uwar ba ta dubi yaron ba, amma ƙafarsa na cikin hannunta a ƙarƙashin mayafi. Yaron ya rayu.

Daga baya na tambayi Sista me ya hana ta zama a gari kamar sauran ma'aikata. Ta ce a ƙauyensu mahaifiyarta ta rasu bayan haihuwa. Kafin rasuwar, ma'aikacin lafiya ya zo, ya tambayi mahaifiyar jikinta, ta ce da sauƙi, ya hau babur ya tafi.

"Sau ɗaya ya tambaya," ta ce.

Ku sababbin ma'aikata, wanda ya shiga layi zai samu maganinsa ko wa ke bakin aiki. Kafin ku rufe akwati, ku dubi wanda ya tsaya a gefe ya yi shiru.