Injin Baban Orval

Orval Tjaden maƙwabcina ne a gabashin Montana, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Bai yarda da harsashin kanti ba. Kwanson da aka harba yake tsincewa, ya wanke, ya ɗura albarushi, ya matse dalma da injin hannu, kamar yadda babansu ya koya musu shi da ƙanensa Wendell.

Injin baban nasu ne ya raba su. Da tsohon ya rasu, Wendell ya ɗauke shi a bayan mota ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Suka yi cacar baki a ƙofar coci, daga nan ko gaisuwa babu. Daga baya muka ji Wendell ya tattara iyalinsa ya koma Idaho.

Ni kam na gaji da cewa, "Orval, kira ɗan'uwanka mana."

"Zan kira shi," in ji shi. "Ranar da na sami irin injin nan sak, zan kira shi in ce ya jiƙa nasa ya sha."

"To in ba ka samu ba fa?"

"Kai dai sha kofinka."

Na san ba gori yake son yi ba, kewa ce ke cinsa, yana neman dalilin ɗaga waya ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Matsalar, an daina ƙera irin injin tun muna samari. Shi ya sa ya tare a shafukan gwanjo na intanet, tsohon da a da ko wayar hannu ba ya son taɓawa.

Ya kuwa ƙware. Ba ya taya kaya sai ya rage ƙiris a rufe. Babbar dabararsa ita ce ya riƙa rubuta sunan kaya ba daidai ba da gangan wajen nema. Ya ce maharbi ba ya kuskuren sunan kayansa. Matan da mazansu suka mutu ne ke yi, kuma sauran masu saye ba sa ganin tallarsu, sai kaya su faɗo da araha. Yana faɗa yana dariya. Na ce masa wannan ba abin dariya ba ne, ya ce ai ba shi ya kashe mazan ba.

Ana gab da buɗe farautar barewa ya faɗo ɗakin girkina, ko dusar ƙanƙarar da ke takalminsa bai kakkaɓe ba.

"Na same shi! Wata baiwar Allah ta rubuta wai abin matse gwangwani ne. Hoton ma duk ya yi dishi-dishi, amma na gane ƙirar. Ba wanda ya taya sai ni."

Ranar da kwalin ya iso ya kira ni in zama shaida. Ya ma samo lambar gidan Wendell a wurin wani ɗan'uwansu, ya ajiye waya kusa. Ya yanka kwalin, ya yaye tsofaffin jaridu, sai ya ƙura wa injin ido. A bakin hannun injin akwai mariƙi na ƙahon barewa, ya yi sumul don shan tafi. Orval ne ya sassaƙa wa babansu shi yana ɗan makaranta.

Na juya kwalin. Daga Idaho yake, kuma sunan mai aikowa Loretta Tjaden, matar Wendell.

Orval ya danna lambar. Ina jin muryarta daga inda nake.

"Orval? Kai ne ka saya? Ni ban duba suna ba, jikata ce ta kai gidan waya." Sai ta ƙara da cewa, "Tun bazara muka binne Wendell. Ya hana a gaya maka yana ciwo, wai kada ka zo don tausayi. Kullum sai ya shafa wa abin nan mai, ya ce naka ne, ranar da ka kira zai ba ka. Da na ga ba ka kira ba, sai na sa shi a gwanjo."

Raina ya ɓaci da Orval da Wendell duka biyun, har na rasa wanda zan fi jin haushi, sai kawai na ji hawaye.

Orval ya ɗaure injin a kan teburinsa. Kusan kullum ina shiga, ina tarar da shi yana shafa masa mai. Har yau bai ɗura harsashi ko ɗaya da shi ba.