Gwangwanin da Aka Ware wa Inna

Damina talatin da biyu ke nan da muka binne mahaifiyata, Inna Ladi, a bayan garin Dungas, tun Faransawa na mulkin ƙasar nan. Masu irin wannan rubutu sukan ce zuciyarsu ta huce. Tawa dai ba ta huce ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

A wancan lokaci masu bin Almasihu a garin ba su cika zaure ɗaya ba. Akwai mahauci, akwai Bafulatanin da shanunsa suka ƙare, akwai samarin da suka gudo daga aikin dole, sai Inna, wadda kuturta ta cinye wa yatsu kafin ta warke a hannun Baturen mishan. Mutane ne da a kasuwa ko tabarma ba za su haɗa ba. Tare suka kwaɓa ƙasar ɗakin sujada. Inna ba ta iya riƙe tubali, sai ta riƙa kawo ruwa a ka. Ranar jibin Ubangiji kuwa ƙwarya ɗaya ta ruwan zoɓo, alamar jinin Almasihu, ke zagayawa, baki bayan baki. Takan ce ranar ce kaɗai take mantawa da hannuwanta.

Da Bature ya tafi hutu ƙasarsu, sai ya bar jama'a a hannun tafintansa, Malam Garba, mai taƙama da jinin sarauta. Jibin farko da ya jagoranta, ya tare Inna a ƙofa ya miƙa mata wani tsohon gwangwani.

"Ladi, ba don komai ba, don lafiyar jama'a ne. Ki zauna nan bakin taga, za a zuba miki naki."

"To, Malam," in ji ta. "Jinin dai ɗaya ne da na ciki, ko?"

Ya juya ya shige ciki. Shi ne fa da bakinsa ya fassara mata maganar likita ranar da aka ce ta warke sarai! Daminar nan zazzaɓi ya ɗauke ta, ba ta sake sa baki a ƙwaryar ba. Mahaucin da Bafulatanin suka ɗauki gawarta. Garba ya yi karatu daga nesa, da hankici a hanci. Ina budurwa a lokacin, na gani da idona, kuma na ajiye.

Yau ginin siminti ne da rufin kwano, mawaƙa har da riguna iri ɗaya. An daina ƙwarya, kowa da ɗan kofinsa. Da Inna za ta leƙo, na san dariya za ta yi, ta ce ashe yanzu kowa ya kuturce. Amma za ta yi murna ta ga jikan mahauci na wa'azi, 'ya'yan masu sarauta na sauraro.

Abin da ya rage nata shi ne al'adar da ta kafa da dungulminta: mai bi ba ya jinya shi kaɗai, mata su riƙa kai masa tuwo bi da bi. Na yi aure a Magariya, bana na dawo gida. Na tarar Malam Garba ya makance, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa duk suna Kano. Abinci ma sai an ba shi a baki. Fasto ya ce za a tsallake sunana in ba zan iya ba. Na ce kada wanda ya taɓa mini ranata.

Lahadi mai zuwa ce. Inna da ta yafe masa tun a bakin taga, amma ni ba Inna ba ce. Zan tuƙa tuwon gero mai laushi, in sa masa a baki da hannuna, loma bayan loma, har ya ƙoshi ya sa mini albarka. Sannan in gaya masa 'yar wace ce ta ciyar da shi.